Gidajen Sarautar Jazira: Daga Kujerar Funj Zuwa Rawanin Mai Wurno

Wanda ya shiga mota a Sinnar ya nufi kudu kan titin Damazin zai wuce Mai Wurno, ya wuce Sinja, ya bi ta Abu Hujar kafin ya iso Abu Na'ama, kogi na hannunsa na hagu duk tsawon tafiyar. Ko'ina ya duba ƙasa ce baƙa mai laka, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, wadda rani ke tsattsagawa damina ta mai da ita taɓo. Duk da haka mutanen wurin tun kaka da kakanni tsibiri suke ce mata, domin ma'anar Jazira ke nan da Larabci. Nilu biyu ne suka sa ta a tsakiya, Fari ta yamma, Shuɗi ta gabas, suka je suka haɗe a Khartum, kudancinta kuwa a buɗe yake har duwatsun Habasha. A tsofaffin littattafai za ka ga an rubuta Jazirar Sinnar, wani lokaci kuma al-Hoi.

Masu ƙaga labari a Turai da Amurka kan zauna su ƙirƙiro tsibiri su cika shi da gidajen sarauta, kowane da tutarsa da kirarinsa, har yaranmu su haddace sunayensu a waya. Wannan tsibirin namu bai jira kowa ya ƙaga masa komai ba. Cikin shekara 500 gidaje sun tashi a cikinsa sun faɗi, an yi auren siyasa, an yi yankan baya, bawa ya naɗa ubangijinsa ya kuma tuɓe shi. A ƙarshe ma wani reshe na gidan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zo ya kafa zaure a bakin kogin.

A fara da Funj, tunda su suka fara. A shekarar 1504 ake ƙirga kafuwar daularsu a hannun Amara Dunƙas, bayan rushewar Soba, babban birnin tsohuwar masarautar Kiristoci ta Alwa, wanda kufansa ke kudu da Khartum. Daga ina Funj suka fito? Gidan sarautar kansa ya riƙa danganta asalinsa da Banu Umayya, kamar yadda gidaje da yawa a ƙasashen Musulmi kan nemi igiyar da za ta kai su Gabas. Masana tarihi kuwa sun rabu: wasu sun ce daga Farin Nilu suka hauro, wajen kabilar Shuluk, wasu sun ce daga gindin duwatsun Habasha, wani Bature mai suna Arkell ma ya ce daga Barno. Abin lura a nan shi ne duk wanda ka bi cikin waɗannan, gidan da daga baya ya zama ma'aunin ɗan ƙasa a Jazira shi ma zuwa ya yi. Wani Bayahude matafiyi, Dawud Rubeni, da ya sauka wajen Amara a farkon shekarun 1520, ya tarar da sarki mai yawo da fadarsa daga zango zuwa zango, da garkunan dabbobi biye da shi. Sai a ƙarni na 17 Sinnar ta zauna daram a matsayin birnin sarauta.

Gida na biyu shi ne na Abdallab, zuriyar Abdullahi Jamma. Laƙabin nan na Jamma daga tarawa ya samo asali, domin shi ya tara kabilun Larabawa a ƙarƙashin tuta ɗaya. Mazauninsu Ƙarri ne, arewa da mahaɗar koguna, daga baya suka koma Halfaya. Sarautarsu ana kiranta manjil, kuma su ne wakilan Sinnar a kan duk ƙasar arewa. Irin wannan zama na babban yaya da ƙane mai ƙarfi ba ya daɗewa lafiya. Ɗan Jamma, Shehu Ajib al-Manjilak, ya yi ƙarfi har ya fara sa baki a kan wanda zai hau gadon Sinnar. Wajen 1611 Sarki Adlan na Ɗaya ya gamu da shi a fagen fama, aka kashe Ajib yana dattijo. Wanda ya shiga tsakani har aka mayar wa 'ya'yansa sarautar ubansu kuwa ba mai takobi ba ne, malami ne, Shehu Idris wad al-Arbab na Ailafun.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin malaman nan su ne gida na uku, kuma sun fi sauran tsawon rai. Sarakunan Sinnar kan ba shehi fili a rubuce, da hatimi da shaidu, su ɗauke masa haraji, shi kuma ya kafa masallaci da makarantar allo, wadda a nan ake ce wa khalwa. Almajirai su taru, manoma su raɓu da shi don neman tsari daga masu karɓar haraji, kafin ka ankara ƙauye ya tashi da sunansa. Haka Wad Madani ta samu sunanta. Haka gidan Arakiyyin ya kafu a Abu Haraz, haka na Ya'aƙubab a kewayen Sinnar. Littafin Tabaƙat na Wad Daifallah, wanda aka rubuta a farkon ƙarni na 19, cike yake da tarihin irin waɗannan shehunai. Fadar Sinnar yau tudun ɓaraguzai ce a arewacin sabon garin, ƙubbobin shehunan kuwa har gobe ana shafe su da farar ƙasa ana kai musu ziyara.

Yadda Funj suka ɗaure manyan ƙasa a jikinsu abin sha'awa ne ga duk wanda ya san tsarin hakimai a ƙasar Hausa. Wanda za a naɗa makk, wato sarkin yanki, sai ya zo Sinnar a zaunar da shi a kan kakar, kujerar itace ta sarauta, a sa masa hula mai ƙaho biyu. Sannan a ba shi mata daga gidan sarauta, dangin da ake kira Unsab, ta yadda magajinsa zai tashi yana ɗan 'yar'uwar gidan Sinnar. Kowane babban gida ke nan kawunansa na fada. Shi kansa sarkin bai tsira ba. James Bruce, Baturen Sikotlan da ya zauna a Sinnar a 1772, ya ruwaito cewa a fada akwai mai muƙamin sid al-kom, wanda cikin aikinsa har da kashe sarki idan majalisa ta yanke cewa zamaninsa ya ƙare. Ya kuma ruwaito cewa al'ada ta wajabta wa sarki ya riƙi fartanya ya yi shuka da hannunsa, kuma wai daga nan sunan Badi ya fito, wanda sarakunansu da dama suka ɗauka. Ko ma yaya aka yi, sarauta da gona a wannan ƙasa tun farko a ɗaure suke da igiya ɗaya.

Badi na Biyu, mai laƙabin Abu Diƙin, wato mai gemu, shi ya ga ganiyar daular a tsakiyar ƙarni na 17. Ya gina fada ta bene, ya kai yaƙi har duwatsun Taƙali, ya dawo da bayi ya zaunar da su a ƙauyuka kewaye da birni suka zama dakarunsa. Dabarar ta yi masa amfani, amma ta shuka abin da jikoki suka girba, domin sarkin da ke da rundunar kansa ya daina jin maganar manyan ƙasa. Wajen 1720 aka kawar da tsohon dangin Unsab daga gado, wani mai suna Nol ya hau. Ɗansa Badi na Huɗu, Abu Shulukh, ya yi shekara kusan 40 yana mulki, kuma a zamaninsa ne, a 1744, rundunar Sinnar ta karya ta Sarkin Habasha Iyasu na Biyu a wajen kogin Dindir. Cikin jaruman wannan rana akwai wani kwamandan dawakai, Muhammadu Abu Likailik, mutumin Hamaj, wato tsofaffin mazauna kudancin Jazira waɗanda Funj suka tarar suka mallaka.

Shi wannan Abu Likailik aka tura Kordofan yaƙi. Yana can labari ya riƙa iske shi da manyan da ke tare da shi cewa sarki na ƙwace filayen iyalansu yana ba 'yan barandansa. A 1762 suka juyo da rundunar gaba ɗaya, suka tuɓe Badi, suka ɗora ɗansa Nasir. Daga ranar sarkin Funj ya zama hoto. Kakar na nan, hula mai ƙaho na nan, ana yi masa gaisuwa, amma hukunci na hannun waziri Bahamaje. Da Abu Likailik ya rasu, 'ya'yansa da 'ya'yan 'yan'uwansa suka shiga cin naman juna, yau Rajab, gobe Nasir, jibi Idris da Adlan. Marubucin tarihin Sinnar da aka fi sani da Katib al-Shuna ya jero waɗannan shekaru, kuma mai karatu kan gaji da ƙirga wanda ya kashe wa. Lokacin da Isma'il, ɗan Muhammadu Ali Basha na Masar, ya taho da bindigoginsa, waziri na ƙarshe mai ƙarfi, Muhammadu wad Adlan, danginsa ne suka kashe shi tun abokan gaba ba su iso ba. A watan Yuni na 1821 sarki na ƙarshe, shi ma Badi, ya fito ya miƙa wuya ba tare da an yi faɗa ba.

Gidajen ba su mutu da daular ba, sauya ubangida suka yi. Sababbin masu mulki, Turkawan Masar, suka yanka wa zuriyar sarki albashi. Idris wad Adlan na Hamaj ya koma Dutsen Guli ya riƙe duwatsun kudu da sunan sabuwar gwamnati. Gidan Abu Sin na Shukriyya, a gabashin kogi, ya ɗaukaka har Ahmad Bey Abu Sin ya riƙe mulkin lardin Khartum. Makiyayan Rufa'a al-Hoi, waɗanda dabbobinsu ke kai da komo a ƙasar da Abu Na'ama take, suna ƙarƙashin gidan Abu Ruf, gidan da ya sha wuya ƙwarai a hannun Khalifa Abdullahi, magajin Mahdi, lokacin Mahdiyya. Da Ingilishi suka ci ƙasar a 1898, waɗannan gidaje suka kakkaɓe rigunansu suka dawo da sunan nazir da makk da umda. Kowannensu yana da abin da ake kira dar, wato ƙasar da hukuma ta yarda ta kabilarsa ce. A riƙe wannan kalma, domin duk abin da ya biyo baya a kanta ya rataya.

Ana cikin haka ne labarin ya haɗu da namu na ƙasar Hausa. Ranar 15 ga Maris 1903 Sakkwato ta faɗi a hannun sojojin Ingilishi ƙarƙashin Lugga. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Ɗaya, wanda bai cika wata shida a kan gado ba, ya ƙi zama a ƙarƙashin Nasara, ya ɗau hanyar gabas. Dama tun zamanin Shehu akwai magana a bakin jama'a cewa ƙarshen al'amari hijira za a yi zuwa Nilu. Don haka da ya fito sai garuruwa suka riƙa tashi suna bin sa, manoma suka bar gonaki daf da faɗuwar damina. Turawa sun naɗa wani Attahirun, na gidan Bello, amma sun san muddin na farko yana raye ba su gama ba. Suka bi shi har Burmi a ƙasar Gombe. A watan Mayu aka kore su, ranar 27 ga Yuli suka dawo da ƙarfi, Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, shi ma kwamandan Turawan, Manjo Marsh, ya mutu a wurin.

Cikin waɗanda suka fita da rai akwai ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno. Nasabarsa a miƙe take: Bello ɗan Attahiru, ɗan Ahmadu, ɗan Atiku, ɗan Shehu. Shi ya ja ragowar jama'a, da mata da yara da tsofaffi, suka ratsa ƙasashen Cadi da yammacin Sudan a ƙafa, ana tsayawa a yi noma a girbe a ƙara gaba. Wasu abokan tafiyar, irin su Alfa Hashim na gidan Alhaji Umaru Futi, sun zarce har Madina. Mai Wurno kuwa wajen 1906 ya sauka a Shehu Talha, a gabashin Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, ƙauyen da wani malami Bafillace ya kafa tun ƙarni na 19. Ga abin mamaki: Ingilishin da ya guje wa a Burmi su ya tarar suna mulki a nan. Zaman Shehu Talha bai ɗore ba, domin gari mai shehinsa ba ya ɗaukar ɗan Sarkin Musulmi a matsayin almajiri. Sai ya haye kogi zuwa gaɓar yamma, cikin Jazira sosai, ya sari daji, garin ya ɗauki sunansa.

Me ya sa Ingilishi suka bar ɗan abokin gabarsu ya kafa gari har ana ce masa Sultan? Dalili biyu ne, kuma babu na tausayi a ciki. Na farko, yaƙe-yaƙe da yunwar zamanin Mahdiyya sun rage mutane a bakin kogin, ga ƙasa ba masu noma. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe babban aikin auduga na Jazira, buƙatar hannu ta ninka, kuma mutanen yammacin Afirka sun yi suna wajen juriyar aiki. Na biyu siyasa ce. A Farin Nilu akwai tsibiri na gaske, Aba, inda Sayyid Abdurrahman ɗan Mahdi ya sake gina gidan ubansa, kuma dubban mutanen yamma na tururuwa can suna yi masa noma don neman albarka. Wannan ya tayar wa Turawan Najeriya hankali har suka turo jami'insu Lethem a 1925 ya bi hanyar alhazai ya ga abin da ake ciki. Jinin Shehu da ke zaune kusa da Sinnar, wanda bai bi Sayyid ba, ya zame musu abin da za su ɗora a ɗaya gefen sikeli.

Mai Wurno ya san darajar wannan matsayi, ya kuma yi aiki da shi. Ya riƙa tura mutanensa suna kafa ƙauyuka a bakin Shuɗin Nilu ta kudu da sauran wuraren da aka ba shi dama, yana naɗa musu shugabanni. Baƙon da ya sauko daga Kano ko Katsina ko Damagaram a hanyarsa ta Makka ya san akwai zauren da zai yi sallama a ba shi masauki. Da ya rasu a shekarun 1940 ɗansa Muhammadu Tahir ya gaje shi, sarautar kuma tana gidan har yau. Sai dai akwai abin da gidan bai taɓa samu ba. Sultan ne a baki da girmamawa, amma dar irin ta Abu Ruf ko Abu Sin ko makk na Funj ba a yanka masa ba. Ƙauyukan da ya kafa a cikin ƙasar wasu suke, kuma a kan wannan an yi ta ja-in-ja da masu ƙasar tun yana raye.

A nan marubucin tarihin manyan gida ya kamata ya ji kunya kaɗan, domin yawancin Hausawan da ke ƙauyukan Jazira da Shuɗin Nilu ba su da alaƙar jini da kowace fada. Talakawa ne da suka fito neman sauke farali, guzuri ya ƙare a hanya, aka tsaya cirar auduga shekara ɗaya, shekara ta zama goma, aka haifi 'ya'ya. Wasu masunta ne da suka ga kogi suka ce ya ishe su. Wasu suka kama noman jarf, wato fadamar da kogi ke bari in ya janye, suna fitar da albasa da tumatir da kuɓewa. A Abu Na'ama, inda gwamnati ta kafa tashar binciken noma, ta kuma gwada babban aikin rama da masana'antarsa a shekarun 1970, hannuwansu na cikin aikin. Mutanen ƙasa suka haɗa su duka, Bahaushe da Bafillace da Babarbare, suka kira su Fallata, a Hijaz kuma Takari. A cikin aikin Jazira mafi yawansu ba su samu hawasha ba, wato gonar da ake yanka wa manomi da sunansa. A kambo suka zauna, unguwar leburori a gefen magudanar ruwa.

Doka ta zo ta ƙara ɗaure ƙullin. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, wadda ta gaji ta Turawa ta 1948, ta ce Basudane shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. A lissafa: Burmi 1903, Shehu Talha 1906. Jikan Sarkin Musulmi da jikan mai cirar auduga duka sun makara da 'yan shekaru, duka sai sun bi layin neman jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa. Daga baya dokar 1994 ta matso da ranar zuwa farkon 1956. A tsakani kuma shugaban ƙasa Numairi ya yi wa dukan gidajen aski ɗaya: a 1970 ya yi wa tsibirin Aba luguden wuta, Imam al-Hadi na gidan Mahdi ya rasa ransa, a shekarar ya mai da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati, a 1971 ya rushe mulkin gargajiya. Gwamnatocin baya suka dawo da shi don sun ga ba su iya riƙe karkara ba tare da shi ba, kowace kuma ta riƙa raba rawani ga wanda take so ya yi mata biyayya.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Tambayar da ba a amsa ba ita ce shekara nawa raɓa za ta yi a wuri kafin a yarda ta yi saiwa. A yankin Shuɗin Nilu, kudu da Abu Na'ama, Hausawa suka nemi a ba su masarautarsu ta gargajiya, su daina bi ta hannun umdan wasu. Shugabannin gargajiya na Funj da Hamaj da Barta suka ƙi, hujjarsu kuwa ita ce tsohuwar hujja: sarauta ta mai ƙasa ce. Sunayen da ke cikin labaran lokacin ma kamar daga littafin Katib al-Shuna aka ciro su, domin makk na yankin daga gidan Adlan yake, gwamna kuma Ahmad al-Umda Badi. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a Rusairis da Ganis da kewaye, aka kashe fiye da mutum 100, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kasala da Khartum da wasu biranen. A watan Oktoba wuta ta sake tashi a Wad al-Mahi, asarar rayuka ta fi ta farko, kuma kowane ɓangare ya binne nasa. Dubban iyalai suka ɗaure kaya a kan manyan motoci da amalanke suka yi arewa zuwa jihar Sinnar da Farin Nilu, a kan titin nan da ke bi ta Abu Na'ama da Sinja da Mai Wurno, wasu suka sauka a makarantu, wasu a gidajen dangin da suka daɗe ba su gani ba.